Matattunmu Ba Sa Nan

Shafi na 27

Na ga ƙorafinku, masu cewa Dalmira ta shanya mu ta tafi. Ban je ko'ina ba. Shafin ne ya ƙi rubutuwa, in fara in goge, in fara in goge. Ga shi nan yadda ya zo, mai zagi ya zaga.

Kun san inda muka kwana. Kamfanin manja ya ce wa alƙali daji ya saya, babu gari a bakin Kogin Narandó, babu kowa sai birai. Alƙali ya ce mu kawo shaidar cewa San Benito gari ne tun kafin 'yan bindiga su kore mu zuwa garin Turbo. Gidajenmu an ƙone, coci an rushe, an dasa kwakwar manja a kan komai. Ni kuwa sarkin baki, shugabar majalisar gari, na miƙe a kotu na bugi ƙirji na ce muna da maƙabarta. Na ce a je a tona.

To, an tona.

"Wannan ne na ƙarshe," in ji Dakta Liliana.

Masaniyar ƙasusuwa ce, ita alƙali ya turo daga birni da masu tononta. Kwana da kwanaki suna haƙa tsakanin layukan manja, daidai inda tsofaffinmu suka nuna. Kusan duk wanda ya dawo gari yana tsaye a wurin, mata sun ɗaura farin kallabi, maza sun cire hula.

Na leƙa ramin. Baƙar ƙasa, saiwar manja, ruwa ya kwanta a ƙasa. Shi kenan.

"A ƙara zurfi," na ce.

"Dalmira, mun wuce zurfin kabari tun ɗazu."

"A ƙara dai."

"Ko na haƙa har in ɓullo teku, babu."

Lauyan kamfani yana gefe a ƙarƙashin lema, da sabon takalmin roba wanda ko laka ba ta san shi ba. Ya yi wani murmushi da har in mutu ba zan manta ba.

"Ranki ya daɗe shugaba," ya ce, "ko kakannin naki sun tashi ne? Ai na zaci bikin Ista na tashi daga matattu ya wuce."

"Uwarka ce ta tashi!" Goggo Efigenia ta wurga masa daga baya. Ita kabarin mijinta yana layi na biyu, ko in ce nan muka san yake. "Ɗan banza mai wuya kamar na zalɓe!"

Ba wanda ya yi dariya. Da a ce wata rana ce da mun kwashe.

Dakta ta kama hannuna ta ja ni bayan wata bishiya.

"Saurara. Jirgina zai tashi kafin rana ta faɗi, kuma abin da na gani shi zan rubuta. Na ga ƙusoshi, na ga ruɓaɓɓen katako. Shi wancan zai ce na akwatunan irin manja ne, kuma ba ni da abin da zan ƙaryata shi."

"Katafilarsu ce ta kwashe!"

"A'a."

"Kamar ya a'a?"

"Na yi aiki a inda katafila ta bi. Farfasawa take yi, ta watsa, kullum ana samun gutsure. Nan ko haƙori ɗaya babu. An buɗe ramukan nan da hannu, an kwashe a tsanake, an mayar da ƙasa." Ta dube ni. "Wanda ya yi aikin nan ba maƙiyinsu ba ne. Ki tambayi mutanenki."



Na juya ina duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Cikin masu zuwa kullum, mutum ɗaya ne babu. Baffa Baudilio, yayan mahaifina. Sai a lokacin na tuna duk kwanakin nan ban ga ya leƙa rami ko sau ɗaya ba, can baya yake tsayawa yana murza hula.

A bakin kogi na same shi, yana kwarfe ruwa daga kwalekwalen da babu ruwa a ciki.

"Baffa."

Bai juyo ba.

"Baffa, ina matattunmu?"

"Rana ta yi zafi, 'yar nan. Je ki sha ruwa."

"Ina matattunmu?"

"Ni na san abin da katafila ta..."

"Kada ka ce min katafila! Dakta ta ce hannu ne. Hannun wa?"

Ya ajiye gwangwanin. Ya zauna a bakin kwalekwalen, ya zuba wa hannayensa ido. Tsoho ne mai ƙarfi, har yanzu shi kaɗai yake ɗaga damin agade, amma ranar sai na ga rigar ta yi masa yawa.

"Nawa ne," ya ce.

Na zauna a laka da farin siket ɗina.

"Kina ƙarama. Muna Turbo, ba mu daɗe ba, labari ya iso cewa katafila ta fara cin gari. Inna ta ajiye cokali. Ta ce ba za ta ƙara sa loma a baki ba alhali ana tuƙa mota a kan ƙirjin uwarta."

Inna ita ce Kaka Dionisia, uwarsu shi da babana. Ita ke jan alabao a garinmu, waƙar da muke raka mamaci da ita. Duk wanda ya mutu a San Benito, ko ita ta yi masa waƙa ko uwarta.

"Ta kira mu," ya ci gaba, "ni da babanki da wasu biyu da yanzu sun riga mu gidan gaskiya. Ta jero mana kaburburan da ka, layi-layi, wane yana kusa da wane, wance tana wajen ƙafar wane. Ta ce ku je ku ɗauko min su. Kada ku bar kowa."

"Sai kuka je."

"Uwa ta ce a je."

"Kuka kwashe duka? Duka, Baffa? Ko mutum ɗaya?"

"Da akushin wankin zinariya muka tafi."

Na rufe ido. Duk ɗan kogin nan ya san akushin. Tun kafin yaro ya iya magana yake ganin uwarsa tana juya shi a ruwa, yashi yana fita, ƙwayar zinariya ƙanƙanuwa kamar ƙwan kwarkwata tana zama a tsakiya. Hannun da ya saba da wannan ba ya barin komai.

"Muka wanke ƙasar kowane kabari a rafi," ya ce. "Har haƙori. Har ƙashin yatsun jarirai. Babanki ne ya fi mu naci, in mun ce ya isa sai ya ce a ƙara juyi ɗaya."

"Suna ina?"

"Ƙarƙashin ɗakin Inna a Turbo. Muka haƙa rami ɗaya, muka zuba siminti."

"Ɗakin da na girma a ciki?"

"A kansu kika yi wasan 'yar tsana."

Na zabura na miƙe. "To ai shi kenan! Mu kai Dakta can, a fasa simintin!"

Ya yi wata dariya mara daɗi.

"A tono su a Turbo? A gaban mai lemar can? Rawa zai taka. Ya ce ranka ya daɗe alƙali, ga kakanninsu nan a Turbo, 'yan Turbo ne, me ya kai su gonarmu?"

Na koma na zauna.

Jama'a, ku gane min wannan abu. Kamfani da kuɗinsa da katafilarsa da 'yan bindigarsa bai iya goge mu daga ƙasar nan ba. Mu muka goge kanmu, da hannunmu, saboda ƙauna. 

"Ka san haka," na ce, "ka bar ni na tara mutane. Ka bar ni na sa Goggo Efigenia ta tsaya a bakin ramin mijinta."

"Kin tambaye ni kafin ki miƙe a kotu? A bakin mutane na ji."

"Bayan ka ji fa? Bakinka ɗinke yake?"

"Inna ta sa mun rantse. Ba a tambayi kowa ba aka taɓa masa mamaci. Efigenia tun da muka dawo take zuwa wurin nan tana ba mijinta labari. In ce mata da wa take magana?"

"Gara ta ji a gaban lauya ko?"

"Na yi zaton mun manta wani." Muryarsa ta karye. "Kullum suna haƙa ina roƙon waliyinmu San Benito, Allah Ya sa mun yi sakaci, Allah Ya sa akwai wanda Inna ta tsallake. Ba ta tsallake kowa ba. Ke ma ai kin ɓoye wa Inna, kin ce awon fili ake yi."

"Don na san ba za ta yarda baƙo ya taɓa kabari ba!"

"To da kin faɗa mata, da ta faɗa miki."

Kowa ya ɓoye wa kowa don kada ran wani ya ɓaci, ga inda ya kai mu.

Can sama ina jin masu tono suna haɗa kayansu, ƙarfe yana bugun ƙarfe. Na dubi kogin, na dubi manjan da ya miƙe har inda ido ya ƙare. Shekarun da na zubar ina yawon ofis-ofis, takalman da na cinye, 'ya'yana da na bar wa maƙwabta, duk suka taso min lokaci ɗaya.

"Shi kenan," na ce. "An gama. Gobe su zo su kwashe tamfol ɗinmu, mu koma Turbo mu ci gaba da wanke wa mutane kaya. Ashe babana ne mai hankali a gidan nan. Ya gama kwashe muku ƙashi ya tsallaka Panama ya manta da mu. Matsoraci ne, amma ya fi mu wayo."

"Kul!"

Tsawar ta sa tsuntsaye suka tashi daga ciyawa. Tun da nake ban taɓa jin Baffa ya ɗaga murya ba.

"Kada ki ƙara. Kada bakinki ya ƙara kiran Aristides matsoraci."

"Me zan kira shi? Mutumin da ya bar mace da 'ya ƙarama, ko gaisuwa..."

"Bai je Panama ba."



"Me ka ce?"

"Bai taɓa taka Panama ba."

"Baffa, kai ka ce. Kai da bakinka ka ce 'yan bindiga sun gane fuskarsa, ya tsallaka iyaka. Mutane sun zo sun ce sun gan shi a tashar jirgi!"

"Ni nake roƙonsu. Duk wanda ya zo daga iyaka sai in tare shi a hanya in ce don Allah ka biya ka ce wa tsohuwa ka ga ɗanta."



"Ina babana?"

Ya sunkuyar da kai.

"Mun gama lodi, gari ya fara wayewa. Muka ƙirga buhuna, saura ɗaya. Na Nana Tomasa."

Nana Tomasa ita ta sari garin. Ita ce ta fanshi kanta daga bautar masu ramin zinariya, ta hau kogin nan da adda da ɗa a baya, ta ce nan. Duk ɗan San Benito jininta ne.

"An bar shi a bakin raminta. Na ce Aristides bar shi, na ji haushin karnuka. Ya ce in koma in ce wa Inna na ɗauko kowa na bar Nana? Ya ruga."

"Baffa..."

"Ya ɗauko. Yana gangarowa da shi a ƙirji. Ina ganinsa kamar yadda nake ganinki." Ya taɓa bayan kunnensa. "Nan masu gadi suka harbe shi."

Ban san lokacin da na fasa ihu ba. Na toshe bakina da siket don kada na sama su ji.

"Su biyun suka tura kwalekwale suka gudu da sauran buhunan, ban ga laifinsu ba. Ni na faɗa cikin ciyawa ruwa har wuya. Sai da masu gadin suka gaji suka tafi na fito. Ba jirgi. Ba zan iya goya shi in keta daji ba. Na haƙa da adda da hannu."

"Ka binne shi kamar kare."

"Na binne shi."

"Ba waƙa?"

"Ba waƙa."

"Ba kyandir? Ba a yi masa zaman makoki na kwana tara ba? Ko kofin ruwa ba a ajiye masa ba?"

"Babu."

"Shekara ashirin da ɗoriya babana yana kwance da ƙishirwa, uwarsa mai alabao tana raye! Ta raka bare, ta raka mashaya, ta raka jariran Turbo da ba ta san iyayensu ba, ɗanta yana nan ba wanda ya buɗe masa baki!"

"Ki zage ni. Na cancanta."

"Mamata ta mutu tana cewa ya samu wata a can! Da sunansa a bakinta ta cika, tana tsine masa! Kana tsaye a bakin gadon, Baffa! Kana tsaye!"

Hawaye suna bin gemunsa, bai share ba.

"Na iso Turbo ƙafata duk ƙaya. Inna tana bakin ƙofa. Ba ta ce sannu ba, ta ce ina ƙaninka? Dalmira, ita ta aike shi. In na ce ya mutu, na ce mata ke kika kashe shi. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai Panama ta fito."

"Nana Tomasa fa?"

"Na ce mata tana cikin buhunan. Ba ta ƙirga ba, kuka take."

Sai da maganar ta yi 'yan daƙiƙu a kaina kafin ta zauna.

"Tsaya. Buhun Nana yana ina?"

"Hannunsa ya ƙi saki. Na yi na yi. Na sa su tare."

Na miƙe a hankali.

Ƙashin matar da ta sari garin, wanda ya girmi kamfani da kakan mai kamfani. Da mutumin da harsashi yake bayan kunnensa. A rami ɗaya, a cikin ƙasar San Benito. Duk abin da alƙali ya tambaya yana nan: mun daɗe, kuma ba da son ranmu muka tafi ba. Allah Ya yafe min, ina cikin kukan ubana wani ɓangare na zuciyata yana lissafin shari'a. Na tsani kaina a wannan lokacin.

"A ina?"

Ya girgiza kai.

"Baffa, rana tana tafiya. A ina?"

"Ki bari."

"A ina ka sa shi?"

"Na rasa inda zan kai shi. Maƙabarta duk sabon tono ce, kuma nan za su fara dubawa. Sai na tuna inda aka binne cibiyarsa."

A'a.

A'a, a'a.

Mu in an haifi yaro, cibiyarsa ake binnewa a dasa itace a kai, itacen ya zama nasa har abada. Na babana kaimito ne, a kan gaɓar da ruwa ke ci duk damina, shi ya sa kamfani bai dasa manja a wurin ba. Duk itatuwan cibiyar garinmu shi kaɗai ya tsira. Ranar da muka dawo, Kaka da idonta da ya kusa rufewa ta sa aka kai ta ta shafa jikinsa, ta ce a kafa mata rumfa a nan. Ta ce muddin itacen yana da ganye mai shi yana da rai, kuma in zai dawo nan zai fara zuwa.

"Ta wane gefe?" na tambaya.

"Gefen kogi. Tsakanin manyan saiwoyin nan biyu."

"Inda kujerarta take."

Ya kawar da kai.

"Kai ka ɗaukar mata kujerar, Baffa. Ina gani. Kai ka ajiye ta."

"Nan ta nuna. Ta ce nan ne inuwa ta fi."

Na juya zan hau gaɓa. Ya zube a laka ya kama ƙafata, dattijo da furfurarsa.

"'Yata, don Allah. Don darajar babanki. Zuciyarta ba ta da ƙarfi, kin sani. Ki bari ta cika tukuna. Saura nawa ne?"

"Alƙali zai jira ta cika?"

"A nemi wata shaidar."

"Wace? Kun wanke ta da akushi!"

"Za ki kashe ta."

"In na yi shiru fa? Su zo su ɗaga ta da kujerar su jefa a jirgi, su sare itacen, su dasa manja a kan babana. Ta mutu a Turbo tana jiran mutumin Panama. Wannan ne ba kisa ba?"

"Aƙalla ta mutu ba ta sani ba."

"Shi kuma ya ci gaba da kwana ba waƙa."

Ya sake ni. Ya kifa fuskarsa a gefen kwalekwalen yana wani irin kuka mara sauti.

Kada wanda ya ce min jaruma a ƙasan shafin nan. Ba jarumta ba ce. Na hau gaɓar nan ina fatan ƙasa ta tsage in shige, ina fatan in tarar jirgin Dakta ya riga ya tashi, a ce ba ni na zaɓa ba.

Bai tashi ba. Suna ɗaure kaya.

Na faɗa wa Dakta a taƙaice. 

"Mahaifinki ne?"

"Eh."

"Tsohuwar ta sani?"

"A'a."

"Dalmira, in na sa shebur a wurin nan ba na iya mayar da shi yadda yake. Kuma dole lauyan can ya tsaya ya gani, haka doka ta ce."

"Na sani."

"Ki je ki fara yi mata magana. Za mu biyo ki a hankali."

Hanyar rumfar Kaka ba ta da nisa, amma ranar ta yi min tsawo. Na shirya magana na rushe, na shirya na rushe. In ce Kaka zo mu shiga ciki rana ta yi? In ce macizai aka gani a saiwar? Ƙarya dai, ƙarya, irin wadda ta kawo mu nan.

Tana zaune a kujerarta, ƙafafunta ba takalmi a kan ƙasa, ta tara 'ya'yan kaimito a cinya. Leɓenta duk danƙo.

"Wa nake ji kamar mara kunyar nan?" ta ce. "Takunki kamar na doki. An gama awon?"

"An kusa, Kaka."

"Su yi su gama su ba mu wuri. Zo nan, miƙo hannu."

Na durƙusa a gabanta. Gwiwoyina a kan ƙasar. A kan ƙasar nan.

Ta lalubo hannuna ta danƙa min ɗaya, mai laushi, ya nuna har ya tsage.

"Sha. Na babanki ne. Kin ga yadda ya yi 'ya'ya bana? Reshe har yana taɓa min kai. Na haifi yaran nan na dasa musu itace, ban taɓa ganin wanda ya yi albarka irin wannan ba." Ta yi dariya. "Duk inda ɗan banzan nan yake, yana cin mai kyau. Ƙiba yake yi, na rantse. In ya zo sai na ja masa kunne kafin in ba shi ruwa."

"Kaka..."

"Sha mana. Me kike jira?"

Na kai bakina. Na kasa.

"Kaka, ina so ki tashi. Zan matsar da kujerar."

"Ki matsar da ita ina? Nan nake tun da muka zo."

"Can ciki. Na ɗan lokaci."

"Me ya samu muryarki?"

"Babu."

Ta saki 'ya'yan itacen suka gangara ƙasa. Ta kai hannu fuskata, ta shafa kumatuna, ta ji jiƙe. Hannun ya tsaya.

A bayana na ji su suna tahowa. Takun mutane da yawa, ba mai magana. Sai Baffa da ke jan ƙafa yana shessheƙa. Ɗaya daga cikin masu tono ya sauke kayansa daga kafaɗa, ƙarfe ya bugi saiwa.

Kaka ta karkata kai. Idon ya tafi, amma kunnen da ya yi shekara da shekaru a bakin kabari bai manta wannan ƙarar ba.

"Shebur nake ji," ta ce.

Ba wanda ya motsa.

"Baudilio, kai ne kake kuka? Ba a awon fili da shebur." Ta damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "Dalmira, wa ya mutu ba a kira ni na yi masa waƙa ba?"